Ƙarya Ɗaya Aka Yarda Masa: Sana'ar Mai Kai Yara Zamanin Da

A shekarar 2005 wani ɗan littafi ya fito a Amurka, wanda ya ɗauki yara biyu, wa da ƙanwarsa, ya dire su a tsakiyar hamada a kan hanyar Bagadaza, shekara dubu da ɗari biyu kafin a haife su. Can suka ci karo da ayarin wani falke mai suna Mamun, yana ɗauke da wani akwati da ba ya yarda idonsa ya bar kansa. 'Yan fashi suka far wa ayarin, guguwar rairayi ta biyo baya, akwati ya saura a hannun yara. Ashe ba zinariya ce a ciki ba, littafi ne na rubuce-rubucen Aristo, masanin nan na ƙasar Girka. Sai da suka shiga fada suka gane falken nan ba kowa ba ne illa Halifa Ma'amun da kansa.

Halifa dai bai taɓa haɗuwa da yaran Amurka ba. Amma Ma'amun ya yi halifanci daga 813 zuwa 833, cibiyar ilmi ta Baitul Hikma ta wanzu a Bagadaza, an juya littattafan Girkawa zuwa Larabci a zamaninsa, kuma Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda littafinsa ya aza harsashin ilmin aljabara, a can ya yi aiki. Ɗan shekara bakwai da ya karanta labarin ya haɗiye duk wannan bai san an zaunar da shi darasi ba. Wadda ta rubuta shi, Mary Pope Osborne, ta haura shekara talatin tana wannan aiki a jerin littattafanta mai suna Magic Tree House, wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan 100 nasa, aka kuma fassara shi zuwa harsuna fiye da 30.

Wannan sana'a ce mai zaman kanta a cikin rubutun yara, tana da dokokinta da kayan aikinta da kasuwarta. Babbar dokar ita ce an yarda wa marubuci ƙarya ɗaya: siddabarun da ya kai yaran can. Duk abin da suka tarar bayan sun sauka, tufa ce ko abinci ko halin mutumin da suka gamu da shi, bashi ne a wuyan marubuci, da gaskiya kuma ake biyansa.

Inda aka faro

Da manya aka fara labarin tsallaka zamani. Mark Twain ya jefa wani Ba'amurke ma'aikacin masana'anta cikin fadar Sarki Arthur a 1889, H. G. Wells kuma ya ƙaga na'urar ratsa lokaci a littafinsa na 1895. Cikin waɗanda suka fara sauko da abin ga yara, babu kamar Edith Nesbit ta Ingila da littafinta The Story of the Amulet na 1906. Yara huɗu 'yan gida ɗaya suka sayi ɓarin wata tsohuwar laya a wani shago a Landan. In an ɗaga ta aka ambaci sunan da ke jikinta, sai ta girma ta zama ƙofa, su kutsa su ɓulla a tsohuwar Masar, ko Babila, ko sansanin Yuliyas Kaisar a shekarar da ya fara ƙetarawa Birtaniya, 55 kafin haihuwar Annabi Isa.

Nesbit ba ta zauna ta ƙaga Masar daga kanta ba. Babban gidan tarihi na Birtaniya ta nufa, ta nemi Wallis Budge, mai kula da kayan tarihin Masar da Assuriya. Shi ya taimaka mata da siffar layar da sunaye da al'adun mutanen, sunansa kuma ta sa a shafin sadaukarwa. Tun daga lokacin aikin ya zama na mutum biyu, mai ba da labari da masanin tarihi, ko da kuwa a jikin mutum ɗaya suka haɗu.

A shekarar nan ta 1906 Rudyard Kipling ya juya akalar tafiyar a Puck of Pook's Hill: yaran suna zaune a karkarar Sussex, mutanen dauri ne ke zuwa su ba su labari da bakinsu. A 1939 Alison Uttley ta fito da A Traveller in Time. A farkon shekarun 1990 a Amurka kuma abin ya bunƙasa a matsayin jeri mai lamba, littafi na bin littafi. Jon Scieszka ya fara nasa a 1991, Osborne ta biyo baya a 1992 da labarin da ya kai Jack ɗan shekara takwas da Annie 'yar shekara bakwai zamanin dinoso.

Ƙofa

Aikin farko shi ne gina ƙofar da za a riƙa bi, kuma ya fi yadda ake tsammani wuya. An haifi Osborne a 1949 a barikin soja na Fort Sill da ke Oklahoma, ta girma tana bin mahaifinta daga wannan bariki zuwa wancan. Ta karanta wasan kwaikwayo da ilmin addinai a Jami'ar North Carolina, ta yi yawon ƙasashen Asiya ta ƙasa har ciwo ya kwantar da ita a Katmandu, ta kuma fitar da littafinta na farko a 1982. Duk da wannan gogewa, da kamfanin Random House ya nemi ta gwada rubuta jeri, sai da ta yi ta laluben ƙofa tana jefarwa. Ta gwada ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta gwada gidan tarihi, ta gwada ɗakin mai zane, ta gwada usur na tsafi, babu wanda ya zauna. Wata rana suna yawo da mijinta Will a dajin Pennsylvania suka hangi wani tsohon ɗakin katako a kan bishiya, irin wanda ake kafa wa yara su yi wasa.

Me ya sa wannan ya karɓu? Wuri ne na yara, babba ba ya hawa. Osborne kuma ta cika shi da littattafai: yaro ya buɗe littafi, ya nuna hoto da yatsa, ya ce yana so ya je can, shi ke nan an tafi. In za a dawo, littafin jiharsu ake buɗewa. Ashe injin tafiyar duka karatu ne, ba tare da an tsaya yi wa kowa wa'azin amfanin karatu ba. Ta kuma toshe kafar da iyaye za su shigo su ɓata labari: komai daɗewar yaran a can, a gida ko minti ɗaya bai wuce ba.

Da zarar an kafa irin waɗannan dokoki, sun hau kan marubucin kansa. Yara ba sa yafe saɓani. In ka ce a littafi na uku ba a komawa gida sai da abu kaza, ka manta a na goma sha biyu, akwai ɗan aji uku da zai tsare ka da tambaya. Haka ma maimaici, wanda a rubutun manya aibi ne, a nan jari ne. Kusan kowace tafiya a jerin Osborne da 'yan jimloli iri ɗaya take tashi: iska ta kaɗa, ɗaki ya yi ta juyi, sa'an nan komai ya tsaya. Aikin da "ga ta nan ga ta nanku" ke yi a bakin kaka shi suke yi, su shaida wa yaro cewa an bar duniyar yau, su kuma ba sabon mai karatu layukan da ya riga ya iya, ya wuce su da gudu yana jin kansa gwani.

Sauran matsaloli biyu su ne harshe da sutura. Yaya yaron Amurka zai yi magana da mutumin tsohuwar Sin? Nesbit ba ta tsaya yin bayani ba, ta wuce, yawancin na bayanta ma haka suka yi. A littattafan Osborne na gaba-gaba, yaran kan sauka su tarar da kansu cikin tufafin zamanin. Duk wannan reshen ƙaryar nan ɗaya ce da aka yi yarjejeniya a kanta. Yaro ya san sihiri in ya gan shi, ba ya ruɗa shi. Ƙaryar da ke cutar da shi ita ce wadda ta shigo sanye da rigar tarihi.

Aikin da ba a gani

Littattafan farko na jerin ba su wuce babi goma ba, shafi saba'in da 'yan kai, da manyan haruffa da hotuna. Babba zai gama ɗaya a zama guda. Wahalar tana can baya, a karatun da aka yi kafin a aza alƙalami.

Abin da mai wannan sana'a ke nema a tarihi ba shi ɗalibin jarrabawa ke nema ba. Ɗalibi yana son ya san wa ya ci wa da yaƙi, a wace shekara. Shi kuwa wannan so yake ya san abin da yaro zai fara gani da shaƙa in an dire shi a titi. In Landan ce ta 1600, to warin kogin Thames ne, da gada guda ɗaya tak mai gidaje da shaguna a kanta, da kwabo ɗaya da talaka ke biya ya kalli wasa a tsaye a gidan wasa na Globe da aka gina a 1599, da filin da ke kusa inda ake ɗaure dabbar beyar a sakar mata karnuka jama'a na shewa. Kuma mata ba sa hawa dandamali, samari ne ke fitowa a matsayinsu.

Gwani ba ya jera irin waɗannan bayanai a matsayin ado. Daga cikinsu yake tatso rikicin labarin. A labarin da Osborne ta kai yaran Landan, tunda mata ba sa wasa, dole Annie ta ɓoye gashinta ta shiga a matsayin namiji. Tunda ana azabtar da beyar, yarinya mai tausayin dabbobi ta sami abin da za ta yi faɗa a kai. A labarin da ya kai su gasar Olimfiya ta tsohuwar Girka, inda masani Aflatun ya yi musu jagora, hana mata shiga filin gasar ne ya zama ƙashin bayan labarin. Yaro ba zai manta dokar ba, domin ta kusa jefa wadda yake so cikin halaka.

Ramin da aka fi faɗawa shi ne sa abu a zamanin da bai zo ba tukuna. Tumatir da dankalin Turawa da masara da barkono duk daga nahiyar Amurka suka bazu bayan 1492, saboda haka tukunyar Rumawa ba ta san tumatir ba. Shekispiya da kansa ya sa agogo mai bugawa a Rum ta zamanin Kaisar, duniya kuma ta yafe masa. Marubucin yara ba shi da wannan gata, domin sau da yawa daga bakinsa yaro ya fara jin labarin wannan zamani, wani ma daga nan ba zai ƙara ji ba.

Bayan an tara, sai zubarwa, kuma nan ne ake gane wanda ya ƙware. Mafi yawan abin da aka sha wahalar tonowa ba zai shiga littafin ba. Osborne ta raba nauyin tsakanin yaranta biyu. Jack mai tabarau ne, kullum da littafin bincike da ɗan littafin rubutu a jaka; yakan tsaya ya karanta layi biyu ko uku game da wurin da suka sauka, ya taƙaita su cikin 'yan kalmomi. Annie kuwa ba ta jira, kafin ya ɗago kai ta riga ta shige cikin taro. Da bayani ya fara yawa, sai ta ja labarin gaba. Ragowar binciken bai tafi a banza ba: daga shekarar 2000 aka fara fitar da littattafan rakiya na zallar bayani, da farko tare da mijinta Will Osborne, daga baya tare da yayarta Natalie Pope Boyce, masana fannin kuma su duba kafin a buga.

Yadda ake shigo da babban mutum

Nan ne ainihin gwanintar. Mutumin da aka sa hotonsa a takardar kuɗi, aka raɗa wa tituna sunansa, ba ya motsi a cikin labari. In marubuci ya kawo shi da cikakkiyar ɗaukakarsa yana zuba hikima, yaro zai rufe littafi. Masu sana'ar suna da dabaru uku da suke yawan komawa gare su.

Ta farko, a riske shi kafin ya zama wani. Louis Armstrong da Jack da Annie suka tarar a New Orleans a 1915 ba sarkin busa ƙaho ba ne tukuna, yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu da ke tallar gawayin kwal a keken alfadari don ya taimaki gida. Ta biyu, a riske shi a ranar da abubuwa suka cuɗe masa. Leonardo da Vinci da suka yini tare da shi a Florence mutum ne mai fara abu bai gama ba, zanen bangonsa na yaƙi ya lalace, na'urarsa ta tashi sama ta ƙi tashi. Ta uku, a ɓoye sunansa. Mutumin nan mai fara'a da ya roƙe su a Landan su cike gurbin 'yan wasansa biyu da suka ƙi zuwa, Will kawai suka san shi. Sai can ƙarshe cikakken sunan Wilyam Shekispiya ya bayyana. Yaron da ya gano tun kafin a faɗa ya sami ladan wayonsa, wanda bai gano ba kuma ya riga ya so mutumin kafin ya san ana girmama shi.

Abin da ya haɗa ukun shi ne babban mutum ya kasance yana bukatar wani abu a hannun yaro. Amma dabarar tana da kaifi biyu. Ɗauki Charles Dickens. Gaskiya ne yana ɗan shekara goma sha biyu aka kulle mahaifinsa a kurkukun masu bashi na Marshalsea a 1824, shi kuma aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi, abin da bai taɓa barin zuciyarsa ba. Gaskiya ne ya fitar da A Christmas Carol a 1843. A labarin Osborne, yaran sun same shi ya yanke ƙauna da rubutu, suka kira masa fatalwowi uku da suka nuna masa jiya da yau da gobe. Abin ya yi armashi, amma tambaya ta taso: ashe ke nan ba Dickens ne ya ƙago littafinsa ba? In marubuci ya yi sakaci, sai ya wayi gari ya ƙwace wa mai basira basirarsa ya miƙa wa yaran da ba su taɓa wanzuwa ba. Masu hankali a sana'ar sukan tsaya a kan iyaka: yaro ya ƙarfafa gwiwa, ya tuna wa mutum abin da ke cikinsa, amma aikin ya zauna na mai shi.

Ga kuma batun sa magana a bakin wanda ya mutu. Ba wanda ya naɗi hirar Leonardo, dole a ƙaga. Ƙa'idar ita ce kada a sa shi faɗin abin da ya saɓa wa abin da aka sani na halinsa da ra'ayinsa, kada kuma a wanke shi ya koma mutumin yau mai tunanin yau. Shi ya sa irin waɗannan littattafai sukan ƙare da ɗan shafi inda marubuci ke rarrabe wa yaro: wannan ya faru, wannan ni na ƙara.

Taurarin tsofaffin labarai su ma ana gayyato su, kuma a nan doka ce ke tsaron ƙofa. Mai ɗakin kan bishiya a jerin Osborne ita ce Morgan le Fay ta labaran Sarki Arthur, wadda sunanta ya fara fitowa a rubuce wajen 1150 a aikin Geoffrey na Monmouth. A yawancin tsofaffin labarai matsafiya ce mai ƙulla wa Arthur sharri. Osborne ta mai da ita mai kula da laburare. Ba mai hana ta, domin Morgan ba mallakar kowa ba ce. Tauraron sabon littafi kuwa yana da mai shi. A Birtaniya da Nijeriya haƙƙin mallaka yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, a Amurka kuma tsofaffin littattafai sai sun cika shekara 95 da bugawa. Sai a farkon 2023 labaran ƙarshe na Sherlock Holmes suka zama na kowa a can.

Abin da ba ya canzuwa

Duk yaron da aka kai jiya, tambayarsa ta farko ita ce: me zai hana in faɗa musu abin da zai faru? Amsar da marubuci ya bayar ita ke nuna zurfinsa. A littafin Uttley, Penelope ta sami kanta a gidan Anthony Babington a Derbyshire, tana kallon yadda ake shirin kuɓutar da Sarauniya Mary ta Sikotilan daga tsare. Ta san daga darasin makaranta cewa za a kashe Babington a 1586, a sare kan Mary a 1587, ta kuma shaƙu da mutanen gidan, amma ba ta da ikon kau da komai. Jack da Annie sun hau jirgin ruwan Titanic a daren Afrilun 1912 da ya nutse da mutum kimanin 1,500. Ba su ceci jirgin ba. Yara biyu suka taimaka wa suka shiga kwalekwalen ceto.

Wasu sun shiga inda ya fi haka duhu, don yaran da suka ɗan tasa. Jane Yolen a 1988 ta sa wata yarinya Bayahudiya 'yar New York, wadda ta gaji da jin tsofaffi na maimaita labarin wahalarsu, ta buɗe ƙofa ta tsinci kanta a Folan a 1942, a tsakiyar wahalar da suke ba da labari. Dan Gutman a 1999 ya mai da wani yaro farar fata zuwa 1947 don ya ga Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a babbar gasar besbol, yaron kuma ya farka a can yana baƙar fata, ya ɗanɗana zagin da kansa. Aunawa ce kullum: nawa ne zuciyar ɗan shekara takwas za ta ɗauka, nawa ne kuma in an rage ya zama an yi masa ƙarya? Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi, wato da idon wa ake kallon tarihin. Kipling mai kirarin daular Birtaniya ne, Ingilar da ya nuna wa yara kuma ba ta rabu da wannan ba. Yau kamfanonin ɗab'i da yawa sukan nemi wani daga cikin al'ummar da ake ba da labarinta ya karanta daftari kafin a kai maɗaba'a.

Gajeren layi, dogon aiki

Rubuta wa mai koyon karatu horo ne na ƙanƙan da kai. Jimla gajera, kalma sananniya, hira mai yawa, sakin layi da bai cika ido ba. In sabuwar kalma ta zama dole, a kawo ta inda hoto ko abin da ke faruwa zai fassara ta. Kowane babi ya ƙare a inda yaro ba zai yarda a kashe fitila ba: an ji takun wani a bayan ƙofa, igiya ta fara tsinkewa. Da yawa daga masu sana'ar sukan karanta daftarinsu da ƙarfi, domin duk inda harshen babba ya yi tuntuɓe, nan yaro zai faɗi.

Ba kuma aikin mutum ɗaya ba ne. Edita na yanke abin da ya yi tsawo, mai duba gaskiyar bayani na bin shekaru da sunaye, mai zane kuma na da nasa binciken, tunda marubuci zai iya cewa "soja ya shigo" ya wuce, amma mai zane sai ya san irin hular da takalmin. Sal Murdocca ne ya zana jerin Osborne fiye da shekara ashirin. Da aka kai littattafan Japan, sai aka sake musu zane irin wanda yaran can suka saba da shi, suka karɓu har aka yi musu fim ɗin zane da ya fito a 2012.

Kasuwa

A Amurka da Birtaniya marubuci yakan bi ta hannun dillalin adabi, wanda la'adarsa galibi kashi 15 ce cikin 100. Kamfani ya ba da kafin alƙalami, sa'an nan a riƙa lissafa wa marubuci kasonsa a kan kowane kwafi, wajen kashi 10 na farashi in mai bango mai tauri ne, ƙasa da haka in mai laushi ne. Ba ya ƙara ganin ko sisi sai kason ya cike abin da ya riga ya karɓa, littattafai da yawa kuma ba sa kaiwa nan. Wasu jerin ma 'yan ƙodago ne ke rubuta su a biya su sau ɗaya, a buga da sunan aro, yadda aka yi da labaran Nancy Drew. Shi ya sa mafi yawan masu rubuta wa yara suna da wani abin yi a gefe, koyarwa ko zagayen makarantu ana biyansu su yi wa ɗalibai magana.

Jeri shi ne rufin asirin sana'ar. Yaron da ya so littafi na ɗaya zai nemi na biyu, sabon littafi kuma yana tayar da cinikin tsofaffi. Sai dai mai karatu daban, mai saye daban: uwa ce ko malami ko mai laburare ke fitar da kuɗi. Dole littafi ya gamsar da babba cewa akwai ilmi, ya gamsar da yaro cewa ba makaranta aka biyo shi da ita gida ba. Ba banza ba batutuwan suke yawan dacewa da manhajar firamare ta Amurka, daga tsohuwar Masar zuwa yaƙin neman 'yancin kai. Osborne ta daɗe tana zuwa ajujuwa tana jera wa yara wuraren da take tunanin kai Jack da Annie, su ɗaga hannu su zaɓa. Haɗarin jeri kuwa shi ne gajiya: tsari ɗaya, tafiya ta hamsin, sai hannu ya fara rubutu ba tare da zuciya ba.

In da Hausa za a yi

Haɗa tarihi da abin al'ajabi ba baƙo ba ne a adabinmu. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta haifar a farkon shekarun 1930, ya tashi daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa na gaske ya shiga ƙasashen aljannu, ya dawo ya tarar ƙasa ta canza. Umaru Dembo kuma a Tauraruwa Mai Wutsiya na 1969 ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Mutanen da za a ziyarta ma ba su yi ƙaranci ba: Muhammadu Rumfa yana gina fadar Kano da kasuwar Kurmi tsakanin 1463 da 1499, ko Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tana ɗaura wa matan da ake kira jaji malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata.

Marubucin Hausa zai tarar da iyakar da takwaransa na Amurka bai cika damuwa da ita ba. Annabawa da sahabbai ba a ƙaga musu magana, malamai da sarakunan da zuriyarsu ke raye kuma ana taɓa su da ladabi. Wannan ba ya rufe hanya, yana dai nuna inda ya fi dacewa a dire yaran: wajen almajirin malam, ko ɗan rakiyar ayari, ko yarinyar da ke riƙe wa jaji jaka, inda za su hangi babban mutum daga kusa ba tare da an cika masa baki da zancen da bai yi ba.

Wanda ya yi niyya, ƙofar sihirin ba za ta gagare shi ba. Tsohuwar rijiya ko kogon kuka ko shantun kaka duk za su yi. Abin da zai ci masa lokaci shi ne zama a Gidan Makama a Kano, da Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gaban tsofaffin da suka gaji labari, har ya san da wane irin kuɗi yaransa za su sayi fura a ranar da suka sauka, da gaisuwar da za su yi wa dogari kada ya kore su daga ƙofar fada. In bai iya amsa waɗannan biyun ba, bai isa fara babi na ɗaya ba tukuna.